Dubiyar Baba Ayuba a Jif ɗin Kabiru

Asabar ta farko: Unguwar Mu'azu zuwa Kakau

Muna idar da sallar asuba na fito da motar, gari bai gama wayewa ba. Baba ya riga kowa shiri. Na same shi zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, sandarsa tsakanin ƙafafu, ledar tsaraba a gefe. Wani ƙauye za mu je a bayan Jere, ta hanyar Kagarko, dubiyar amininsa Baba Ayuba.

Su biyun sun yi sama da shekara ashirin a ɗakin saƙa ɗaya a masaƙar Kakuri. Baba Musulmi, Baba Ayuba Kirista, amma ban taso na ga wanda ya fi shi zama a zauren gidanmu ba. Da aka rufe masaƙa ya tattara ya koma garinsu noma. Waya ba ta yi musu amfani, don ƙarar injinan saƙa ta cinye kunnuwansu duka. 'Yarsa Rifkatu ce ta kira ni, ta ce hawan jini ya kwantar da shi, kuma kullum sai ya tambaya ko Haruna ya zo. Haruna sunan mahaifina ne.

Motar kuwa ƙanena Kabiru ne ya aiko da ita daga Fatakwal, inda yake aiki, bayan an yi wa Baba tiyata a ƙugu. Jif ce baƙa 'yar Beljiyam, mai kujerun fata, wadda idan ka danna wani maɓalli takan sunkuya ƙasa don tsoho ya shiga ba wahala. Likita ya hana Baba zaman matsi a motar haya, shi ya sa Kabiru ya saye ta. Ni malamin sakandare ne, albashina ba zai cika tankinta sau uku ba, saboda haka masallacin Juma'a da asibiti kawai take zuwa. Wannan ce doguwar tafiyarta ta farko a hannuna.

Muka hau baifas, muka haye gada. Kogi ya cika ya yi ja, don tsakiyar damina ne. Baba ya ce in ratsa ta Kakuri.

"Hanyar za ta ƙara tsawo, Baba," na ce da ƙarfi don ya ji.

"Ratsa dai. Zai tambaye ni yadda wurin ya koma."

Muka bi ta gefen katangar masaƙar a hankali. Ciyawa ta fi mutum tsawo, rufin wani sashe ya rufta, masu kekuna suna wanke kekunansu a bakin tsohuwar ƙofar shiga. Baba ya duba har muka wuce.

A Gonin Gora muka sayi burodi biyu. A shingen sojoji wani ya leƙo, ya ga tsoho, ya sara masa, ya ce mu wuce. Muna barin shingen wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Ban san ma'anarta ba, kuma motar tana tafiya sumul, sai na ci gaba. Daf da Kakau ja ta kama, motar ta fara ƙara irin ta agogon tashi. Kafin in gama sauka gefen titi tururi ya turnuƙe boned, inji ya mutu da kansa.

Tafiyar da muka yi duka ba ta kai ta minti arba'in ba.

Kakau

Inda muka tsaya gonakin masara ne hagu da dama, sai rumfar wata mata mai gasa masara. Ita ta fara zuwa. Ta ɗauko bencinta ta ajiye wa Baba a inuwa, ta ce, "Sannunku Baba. Ku zauna nan, wannan hayaƙin ba na minti biyar ba ne." Wasu matasa suka kawo jarkar ruwa. Da inji ya huce muka zuba a lagireto, ruwan ya biyo ta ƙasa yana zuba kamar an kunna famfo.

Na kira Kabiru. Ya ce kada in bari kowa ya taɓa ta a bakin hanya, akwai wani Tanimu a Kakuri da ya san irin waɗannan motocin. Na kira Rifkatu na gaya mata abin da ya faru. Ta ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba, sai mun zo.

Janwe bai iso ba sai bayan azahar. Direban ya yi wa motar kallo ɗaya ya ce dubu saba'in zuwa Kakuri, don irinta ba a janta, sai dai a ɗora ta gaba ɗaya. Na ce masa ai nan da nan ne.

"Malam, ba nisa nake caja ba, nauyi nake caja."

Baba kuwa a keke mai ƙafa uku na mayar da shi gida. Duk ramin da muka faɗa sai ya runtse ido ya dafe ƙugu. Masarar da matar nan ta ba shi tana hannunsa har muka isa, ko ɓantara bai yi ba.

Kakuri: garejin Tanimu

Garejin yana bayan layin masu walda, fili ne da aka zagaye da langa-langa. Na ƙirga manyan motoci irin tamu har biyar a ciki, wasu ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Tanimu mutum ne mai ƙarancin magana. Ya jona wa motar kwamfuta, ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro sandar awon baƙin mai ya nuna mini. Man ya koma kalar shayi da madara.

"Ruwa ya haɗu da mai," ya ce. "Famfon ruwa ne ya fashe, inji ya yi zafi, gaskit ya ƙone. Kan injin ma ya lanƙwashe, sai an kai an goge."

"Nawa zai ci?"

"Kayanta ba sa Kaduna. Daga Legas za a aiko. Ka riƙe miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na tambaye shi ko don na ci gaba da tafiya bayan fitilar ta kama ne. Ya ce ko da na tsaya nan take, ɓarnar ta riga ta soma, irin injin nan ba ya jure zafi ko na minti biyu. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko tausayina ya ji.

Kabiru ya turo kuɗin a ranar. Tanimu ya ce Laraba. Ran Laraba kaya suka iso, sai aka ga famfon na wata shekarar ne, ƙusoshinsa ba su hau ba. Aka mayar. Ya ce Litinin. Ran Litinin mai goge kan inji ya ce ba wuta a layinsu. Kullum idan na tashi daga makaranta sai in hau keke in biya Kakuri, in tarar da motar da boned a buɗe, kayan cikinta a shimfiɗe a kan buhu, in koma gida in ce wa Baba jibi.

A mako na biyu Baba ya kira ni ɗakinsa.

"Mustafa, a nemo mini motar haya."

Na kira Kabiru a gabansa na saka a sifika. Kabiru ya ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Ka ga yadda keke kawai ya yi maka. Idan ɗinkin nan ya samu matsala, wata tiyatar ce. Kwana biyu ya rage, Tanimu ya tabbatar mini."

Baba bai ji rabin maganar ba, sai da na maimaita masa. Ya ce, "To." Ni ma a lokacin na ga Kabiru ya fi gaskiya. Rifkatu ta sake kira sau ɗaya a wannan makon. Ba ta ce mu yi sauri ba, ta dai tambaya ko mota ta tashi.

Ran Alhamis ta mako na uku Tanimu ya tayar da ita. Muka zaga da ita har Makera muka dawo, ba ƙara, ba fitila. Ya miƙo mini makulli ya ce in tafi a hankali, kada in wuce tamanin.

Asabar ɗin tafiya ta biyu: bayan tolget

Wannan karon sai da rana ta fito muka tashi, Baba bai nemi a ratsa ta ko'ina ba. Idona rabi a titi rabi a kan allurar zafi. Da muka zo Kakau mai masara tana hura wuta, Baba ya ɗaga mata hannu, ban tabbata ta gane mu ba. Muka wuce tsohon tolget. Na fara sakin jiki, har na kunna rediyo.

Ba mu yi nisa sosai ba na ji wata ƙara daga ƙasan inji, kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Na rage wuta, ƙarar ta ragu. Na ƙara, ta ƙaru. Fitilar mai ta kama ja. Na gangara gefe na kira Tanimu, na kara wayar kusa da boned.

"Kashe ta," ya ce. "Kashe ta yanzu."

"Mene ne kuma?"

"Inji ya buga, Malam."

Wurin daji ne, babu gida babu rumfa, kuma kowa a Kaduna ya san abin da ake faɗa game da tsayuwa a wannan hanyar. Motoci suna wucewa a guje, ba mai rage gudu. Baƙar jif mai ƙyalli a bakin daji da tsoho a ciki ba abin da mutum zai so a gani ba ne. Sa'ar da muka yi, akwai shingen sojoji a can gaba inda ido ke iya hangowa. Na kulle Baba a ciki na taka da sauri. Wani soja mai furfura a gemu ya biyo ni, ya ce zai sa ido a kan motar har janwe ya zo, amma mu kada mu daɗe a wurin.

Na buɗe ƙofa na ce wa Baba za mu jira Tanimu mu koma gida.

"Kai ka koma," ya ce. "Ni gaba zan yi."

"Baba, da me?"

"Da duk abin da ya tsaya."

Ya fara ƙoƙarin sauka da kansa. Motar ta mutu, ba ta iya sunkuyawa, sai da ni da sojan muka ɗauko shi muka dire. Sojan ne ya tare mana wata a-kori-kura da ta kai masara Kaduna tana komawa Kagarko ba kaya. Direban, wani dogo da ake kira Malam Dogo, ya sauko ya dubi Baba, ya dubi jif ɗin, ya ce, "Kujerata ba kamar waccan ba ce, Baba, amma tana isa inda za ta." Ya naɗe buhuna ya tokare masa ƙugu a gidan gaba. Ni na hau baya. Na bar makullin jif a hannun sojan, ban ko kira Kabiru ba.

Rijana, Katari, Jere

Ta gilashin baya ina hango ƙeyar Baba. Duk gargadar da muka shiga sai in ga kansa ya sunkuya, ya daɗe kafin ya ɗago. Malam Dogo ya yi iya ƙoƙarinsa, yana kauce wa ramuka har manyan motoci suna yi masa hon. A Katari yayyafi ya sauko, na lulluɓa da tamfol mai warin taki. Mun tsaya sau ɗaya ya ƙara wa lagireto ruwa daga jarka, ya bugi boned da tafin hannu, muka ci gaba.

A Jere muka bar babban titi. Ƙauyen bai kan hanyarsa sosai, amma ya ratse ya kai mu har ƙofar gida. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Da na matsa, ya ɗauki burodi ɗaya daga cikin na tsaraba da muka sake saya da safe ya ce wannan ya isa.

Gidan Baba Ayuba

Rifkatu ta fito da gudu ta durƙusa ta gaishe da Baba. Na ga fuskarta ban ji daɗi ba. Kafin mu shiga ta ja ni gefe.

"Yaya Mustafa, ka shirya Baba. Ran Lahadin da ta wuce jikin ya sake bugawa. Ɓarin dama ya mutu, bakin ma ya rufe. Ba ya magana."

Na tambaye ta ko kafin Lahadin yana magana.

"Sosai ma. Ranar da kuka fara tasowa ya sa aka kira maƙwabcinmu Musulmi ya yanka kaza, don Baba ya iya ci. Ya sa manyan kayansa ya zauna ƙarƙashin mangwaron can. Na gaya masa mota ta lalace, ya ce Haruna zai san yadda zai yi. Bai shiga ɗaki ba sai da rana ta faɗi."

Ban maimaita wa Baba wannan ba, ban kuma gaya masa ba har yau.

Ɗakin ƙarami ne, da taga ɗaya. Baba Ayuba da na sani ƙato ne mai dariya da ƙarfi. Wanda na gani a kan gadon ya ƙanƙance, baki ya karkace, ido ɗaya a lumshe. Aka sa wa Baba kujera a gefen hagunsa. Ya sunkuya ya ce da ƙarfi, "Ayuba, ni ne. Na zo." Idon da ke buɗe ya juyo ya tsaya a kansa. Leɓe ya motsa, amma babu abin da ya fito sai iska.

Sun jima a haka. Sai hannun hagun Baba Ayuba ya ɗago daga kan bargo. Ya haɗa babban yatsa da manuni, ya ja su a iska, sannan ya buɗe su farat ɗaya. Na ɗauka rawar ciwo ce. Amma Baba ya gyara zama, ya ɗaga nasa hannun, ya bugi ƙirjinsa sau biyu, ya murza yatsu kamar mai ƙulla wani abu.

Rifkatu ta dube ni, na dube ta.

"Maganar ɗakin saƙa ce," Baba ya ce, bai juyo ba. "A can ba a jin murya, da hannu ake yi. Cewa ya yi zare ya tsinke. Na ce masa ga ni nan zan ɗaura."

Daga nan suka ci gaba. Hannu ɗaya daga gado, hannu biyu daga kujera. Wani abin na gane, kamar alamar cin abinci da alamar babban ciki, wadda Baba ya ce sunan wani shugaban sashensu ne da suka tsana. Da aka yi wannan, gefen bakin Baba Ayuba mai rai ya ɗaga kaɗan. Mafi yawa ban gane ba. A wani wurin Baba ya zana rufi da hannuwansa ya rusa shi, na san labarin masaƙa yake ba shi. Hawaye ya gangaro daga idon Baba Ayuba zuwa kunnensa, Baba ya sa bakin rigarsa ya share masa. Ni da Rifkatu muka fita muka bar su.

Yamma ta yi, ba mai hawa wannan hanyar a irin lokacin, sai muka kwana. Rifkatu ta share mana ɗakin ƙanenta, ta kawo buta da sabuwar tabarma, ta nuna mana gabas. Aka yi tuwon masara da miyar karkashi. Baba ya ci loma kaɗan ya ture. A zaune ya yi sallolinsa, don ƙugun ya fara kumbura.

Lahadi: komawa

Da safe, kafin mutanen gidan su tafi coci, Baba ya sake shiga. Baba Ayuba yana barci. Baba ya ce kada a tashe shi. Ya riƙe hannunsa na ɗan lokaci, ya ajiye a kan bargo, muka fito.

Ƙanen Rifkatu ya samo mana ƙaramar motar haya daga tashar Jere, na biya kuɗin kujerun baya duka don Baba ya miƙe ƙafa. Inda muka bar jif babu komai sai baƙin tabon mai a ƙasa. Tanimu ya zo da janwe tun jiya ya ɗauke ta, wannan karon dubu ɗari da ashirin.

Na roƙi direba ya biya da mu Kakuri. Tanimu yana nan ko da yake Lahadi ce. Ya riga ya sauke kaskon mai, ya ɗebo mini abin da ke ciki a tafin hannunsa, ɓarɓashin ƙarfe ne yana walƙiya.

"Zafin farko ya cinye shi ta ciki," ya ce. "Ban gani ba, sai an farke shi duka ake gani. Wannan injin ya gama. Sai dai wani."

"Nawa ne wani?"

"Na Beljiyam, miliyan takwas zuwa tara. Kuma ba zan rantse maka a kansa ba, don irinsu duk haka suke ƙarewa. Ka ga waɗancan?" Ya nuna motocin da ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. "Duk inji suke jira."

Na kira Kabiru na gaya masa komai, har da a-kori-kura, har da halin da muka samu Baba Ayuba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Da na bari kun tafi tun wancan makon." Na ce masa ni ma ban matsa ba. Ya ce a bar motar a nan, idan an samu mai sayen kayanta a sayar.

Mun isa Unguwar Mu'azu ana kiran la'asar. Maƙwabta biyu suka taya ni shigar da Baba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya a wannan hanya. Ina kuma godiya ga mai masarar Kakau da ban tambayi sunanta ba, da sojan da ya tsare mana mota, da Malam Dogo, da Rifkatu da mutanen gidansu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ran Alhamis Rifkatu ta kira da sassafe ta ce Baba Ayuba ya rasu. An sa jana'iza ran Asabar. Ƙugun Baba ya kumbura har ba ya iya sauka daga gado, likita ya ce ko ƙofar gida kada ya fita, saboda haka ni kaɗai na je a madadinsa. Na shiga motar haya a tasha, mu shida a matse, na je aka binne shi a bayan gidansa, na juyo a ranar.

Da na dawo na shiga ɗakin Baba na gaya masa an yi lafiya, mutane sun taru, Rifkatu tana gaishe shi. Ya saurara yana kallon bakina.

"A motar haya ka je?"

"E, Baba."

"Awa nawa kuka yi a hanya?"

"Biyu ba su cika ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in ja masa ƙofa idan zan fita, ya juya fuskarsa bango.